Ƙaramar Motar Faransa Mai Turbo: Za Ta Iya Zaman Daura?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san matsayin Peugeot a zukatan mutane. Tun kafin Toyota da Honda su cika tituna, Fijo ce motar hakimi da alƙali da ɗan kasuwan da Allah ya buɗa wa, ita ce kuma ke ɗibar fasinja daga tashar Daura zuwa Kano da Katsina. Shi ya sa idan saurayi ya ce wa mahaifinsa Peugeot zai saya, da wuya a yi masa musu. Sai dai abin da wasu samarinmu ke hange yanzu ya sha bamban da 504 da 406. Ƙananan motocin nan ne masu guntun baya, waɗanda aka ɗora wa injin mai turbo don gudu: 207 RC, 208 GTi, 308 GTi, sai na kamfanin Renault, wato Clio R.S. da Mégane R.S. Suna ganinsu a bidiyon tsere a waya, jefi-jefi kuma irinsu kan faɗo hannun dillalan Kano, Kaduna ko Abuja, a farashin da sau da yawa bai kai na Corolla sa'arsu ba. Ga kyau, ga gudu, ga araha, ga tambarin zakin da iyaye suka yarda da shi. To, ina matsalar take?

Yardar da muka yi wa Peugeot tana da tushe, kuma ya kamata a san tushen kafin a ɗora ta a kan wata mota daban. An kafa kamfanin PAN a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. Daga can 504 ta riƙa fitowa shekara da shekaru, har aka shiga ƙarnin nan ana yin ta, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Mota ce mai tsayi daga ƙasa, mai kafireta, wadda injinta bai kai ƙarfin doki 100 ba. Ba ta zaɓen fetur. In ta tsaya maka a tsakanin Sandamu da Daura, yaron gareji da sifana biyu da guntun waya zai tashe ta. Gwamnati ta saye ta da yawa, 'yan haya suka saya, don haka kayan gyaranta suka wadata daga Ƙofar Ruwa a Kano har zuwa ƙananan shagunan Mai'adua da Zango. Kanikawa kuma suka gaje ta daga iyayen gidansu. Abu uku ke nan suka haɗu mata: sauƙin ƙira, yalwar kayan gyara, da hannun da ya san ta. Ƙaramar mota mai turbo ba ta gaji ko ɗaya daga cikin ukun ba. Tambarin kawai ta gada.

Ba za a raina tarihin da ke bayan waɗannan motoci ba. Faransawa sun iya ƙera ƙaramar mota mai zafin nama. Renault ta fitar da 5 Turbo a 1980, Peugeot ta biyo da 205 GTI a 1984, wadda har yau masana mota ke sa ta a sahun gaba duk da ba ta da turbo. 'Yar'uwarta ta tsere, 205 Turbo 16, ta ci gasar rali ta duniya a 1985 da 1986, sannan aka juyo da ita Afirka: Ari Vatanen ya ci gasar Paris zuwa Dakar da ita a 1987, Juha Kankkunen ya maimaita a 1988. A waɗancan shekarun gasar na ratsa ƙasar Nijar, ta Agadas da hamadar Tenere, arewa da mu. Mai son motar zai ce, wadda ta keta rairayin Tenere me titin Kongolam zai yi mata? Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne rundunar da ke bin motar a baya: manyan motoci shaƙe da kayan gyara, da ƙwararrun kanikawa da ke kwana a kanta kowane dare suna sauya abin da ya gaji kafin ya lalace. Da wannan hidimar ta kai Dakar.

Yadda turbo ke aiki ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Hayaƙin da injin ke fitarwa, maimakon ya wuce salansa kai tsaye, sai a bi da shi ta kan wata 'yar farfela ya juya ta. Ita kuma tana haɗe da wata farfelar da ke danna iska da ƙarfi cikin injin. Iska mai yawa, fetur mai yawa, ƙarfi mai yawa. Da haka injin mai lita 1.6, wanda bai kai na 406 girma ba, ke ba da ƙarfin doki 200 a 208 GTi ta 2013, har 270 a 308 GTi ta 2015, alhali 406 mai lita 2.0 tana wajen doki 135. Amma farfelar nan tana juyawa sama da sau 150,000 a minti ɗaya, a cikin zafin hayaƙi mai sa ƙarfe ya yi ja, kuma abin da ke tsakanin sandarta da lalacewa shi ne ɗan siririn baƙin mai da ke ratsa ta. Duk maganar ƙarko ko rashinsa daga nan take farawa.

Abin da mai saye zai samu na gaske ne, kuma ba na cikin masu cewa gudu ba shi da amfani. Wanda ya taɓa bin bayan tirela mai ɗauke da shanu daga kasuwar Mai'adua, a titi mai hannu ɗaya, yana leƙawa yana komawa, ya san darajar motar da in ka taka ta za ta amsa nan take. 208 GTi na kaiwa gudun kilomita 100 daga tsaye a ƙasa da daƙiƙa 7. Wuce babbar mota da kan ɗauki tsohuwar Golf dogon lokaci a hannun da ba nata ba, ita za ta gama shi cikin ƙiftawar ido. Birkinta ya fi na ƙananan motoci sa'o'inta kamawa, tana riƙe titi a kwana, in kuma aka tuƙa ta a hankali ba ta da shan mai sosai. Sai dai a tuna dokar hanya ta ƙasar nan ta tsayar da motar gida a kilomita 80 a babban titi, 100 a tagwayen titi. Kilomita 230 ko 250 da aka rubuta a takardar motar ba su da wurin sauka a nan. Tsakanin Daura da Mashi akwai ƙauyuka a bakin kwalta, akwai yara masu tallar goro da gyaɗa, akwai amalanke da awaki da masu babur da ke fitowa daga gona ba sigina. Kowa a ƙasar nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda wasan mota ranar ɗaurin aure.

Babban cikas na farko shi ne fetur. An ƙera injinan nan ne don fetur mai ma'aunin oktan 95, wasu ma an fi so a ba su 98, irin wanda ake samu a kowane gidan mai a Turai. Ma'aunin da aka gindaya wa fetur ɗin Najeriya yana wajen 91, kuma babu famfo na biyu da za ka zaɓi mai daraja ta sama. Idan oktan ya yi ƙasa, fetur kan kama da wuta kafin lokacinsa saboda matsi da zafi, injin ya riƙa ƙwanƙwasa daga ciki. Kwamfutar motar tana jin wannan, sai ta ja da baya, ta rage ƙarfi don ta kare fistin. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Daura ke haura digiri 40, iskar da turbo ke dannawa ta riga ta yi zafi tun kafin a matsa ta. Sakamakon shi ne dokin nan 200 da ka biya kuɗinsu ba duka za su fito ba, a daidai lokacin da injin ke shan wahalar da ta fi ta ƙasar da aka yi shi dominta.

Wannan ma idan man mai tsabta ne ke nan. A farkon 2022 an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci da dama suka lalace a manyan birane, ƙasa ta shiga dogon layi. Mu kuma na bakin iyaka muna da tamu damuwar. Lokacin da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, garuruwa irin su Mai'adua da Kongolam sun koma hannun 'yan bumburutu. Har yau wanda ya yi nisa cikin Baure ko ƙauyukan Zango ya san wata rana galan da mazurari ne za su cece shi. Dubi yadda ake zubawa: jarka ta yini a rana, an ɗaura tsumma a bakin mazurari don tace datti, iska na kaɗo rairayi. Tsohuwar 504 za ta sha ta yi gaba. Injin THP na Peugeot kuwa yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda ne, ta wani famfo mai matsin da ya ninka na iskar taya sau hamsin ko fiye, ta nozul masu ƙofa siririya kamar gashi. Ɗan ruwa ko ɗan datti ya isa ya kashe famfon, kuma ba kaya ne mai araha ba.

A kan injin THP ɗin nan ya kamata a daɗe, domin shi ne zuciyar 207 RC, 208 GTi, 308 GTi da Citroën DS3 mai gudu. Kamfanin PSA, uwar Peugeot da Citroën a wancan lokaci, shi ya haɗa hannu da BMW suka ƙera shi, shi ne ma a cikin Mini Cooper S ta wancan zamani. Injin ne mai daɗin tuƙi da ya ci lambobin yabo, amma na farko-farkonsa sun yi ƙaurin suna tun a Turai, inda mai da hanya da kanikawa duk suke daidai. Sarƙar taimin kan saki, ko abin da ke ɗaure ta ya yi sanyi, ka ji ƙarar kacau-kacau da safe in an tayar da mota. In aka yi sakaci sarƙar ta tsallake haƙori, bawul ya haɗu da fistin, injin ya buga. Famfon nan mai matsi kan gaji da wuri. Tunda fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke su, baƙin dauɗa na taruwa a wurin har motar ta fara shaƙewa. Tana cin baƙin mai, gidan tamostat ɗinta na roba ne kuma yakan tsage ya zubar da ruwa. An gyara da yawa daga cikin waɗannan a injinan baya, shi ya sa 308 GTi da 208 GTi na ƙarshe-ƙarshe suka fi 207 RC ta 2007 kwanciyar hankali. Amma wadda ta fi isowa kasuwarmu da araha ita ce tsohuwar, wadda mai ita a Turai ya riga ya gaji da ita.

Sai batun hannu. Kanikawanmu mutane ne masu basira, kuma da dabarunsu ne motocin ƙasar nan ke tafiya. Amma dabarar da ta raya 504 ita ke kashe motar turbo. Je gareji a ƙarƙashin dalbejiya ka ce motarka na ɗaukar zafi. Abu na farko da za ka ji shi ne, “Alhaji, wannan tamostat ɗin na ƙasar sanyi ne, a cire shi a haɗa fanka dairek.” Sai a cika lagireto da ruwan rijiya. A injin THP kwamfuta ce ke sarrafa tamostat, tana kuma lissafa fetur da zafin da take tsammani. In an cire shi lissafin ya rikice, ruwan rijiya kuma ya bar gishiri da tsatsa a ƙananan hanyoyin da ke sanyaya turbo. Haka matatar iska: a watannin hunturu, idan ƙura ta rufe gari har ba a ganin ƙarshen layi, al'adarmu ita ce a cire ta a kai wa mai faci ya hure ta da iska a mayar. Hurawar na buɗe ƙananan ramuka a takardar, ƙurar da ta wuce kuma ta faɗa kan farfelar da ke juyawa da wancan mugun gudu, ta riƙa cin gefenta a hankali. Baƙin mai ma haka. Wanda ake aunawa daga duro a bakin titi bai dace da ita ba ko kusa. Tana son mai irin na sintetik zalla, mai lamba irin 5W-30 da kamfani ya amince da shi, na gaske ba jabu ba, kuma a yanayinmu ni ba zan bari ya wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000 ba, ko me littafin Turai ya ce. Wannan dokin sukuwa ne: wanda ba zai iya harawa da dusa da kanwa da ɗan kula da shi kullum ba, bai kamata ya ɗaure shi a turke ba.

Akwai masu na'urar binciken kwamfutar mota a Kano da Katsina da Kaduna, wasunsu sun ƙware a Peugeot ƙwarai. Amma Katsina na da nisan kilomita kusan 80 daga Daura, Kano ta haura 130, kuma motar da ta ƙi tashi sai an ɗora ta a bayan wata. Kayan gyaran 406 da 307 suna nan birjik. Na 208 GTi kuwa sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, ko a yi odarsu daga waje da kuɗin da darajar naira ke sauyawa kafin kaya su iso. Gaskiya ne Peugeot ta dawo harhaɗa motoci a Kaduna a 2022 ta kamfanin DPAN na haɗin gwiwa da Dangote, amma irin su 301, 3008, 5008 da Landtrek yake fitarwa, babu GTi a cikinsu. Wasu daga cikin manyan suna da injin 1.6 mai turbo na dangi ɗaya, wannan na iya sauƙaƙa samun matata da fulogi, ba zai kawo maka birki ko shokoba na GTi ba.

Ƙafafun motar ma abin dubawa ne. An dasa ta kusa da ƙasa, tayoyinta sirara ne a kan manyan rim: inci 17 a 208 GTi, har 19 a 308 GTi mai doki 270. Rami ɗaya da damina ta haƙa ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim, kuma ba girman tayar da za ka samu a kowane shago ba ne. Tudun rage gudu da mutanen ƙauye ke ginawa da kansu, da lungunan cikin gari masu rairayi da kwata, duk suna jiran ƙasan injin.

Renault labarinta ya ɗan bambanta. Injin Mégane R.S. mai lita 2.0, wanda ya fara da doki 225 a 2004 ya kai 275 a ƙarshe, an san shi da ƙwari fiye da THP na farko, kuma irin na da ne da ke fesa fetur a bayan bawul, don haka ba shi da matsalar tara dauɗa irin ta wancan. Mégane ta kafa tarihin gudu na motoci masu jan gaba a filin Nürburgring na Jamus a 2014, sabuwarta ta sake kafawa a 2019, kafin a daina ƙera ta a 2023. In don injin ne kawai, ita zan nuna. Amma Renault ba ta taɓa yin gida a arewacin Najeriya kamar Peugeot ba, kanikawa ba su saba da ita ba, kayanta sun fi wuya. Clio R.S. ta 2013 kuwa da giya mai sarrafa kanta kaɗai ta zo, mai kuloci biyu, irin da ba ya son zafi da cunkoso, gyaransa kuma ya fi ƙarfin yawancin garejinmu. Wanda ya ga yadda giyar otomatik ta AL4 ta wahalar da masu 307 da 406 a ƙasar nan ba ya buƙatar dogon bayani.

Akwai kuma takardu. Muna bakin iyaka, kuma kowa ya san shekarun da motocin Beljiyam ke sauka Kwatano su zagayo ta Nijar su shigo. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Motar da aka ce maka ta shigo da araha ta bayan gida, ba diyuti, tana iya zama ta kwastan a shingen farko. A tabbatar da takardar diyuti da lambar jikin mota kafin a yi maganar kuɗi.

Ga wanda abin da yake nema shi ne daɗin tuƙin ƙaramar Peugeot mai kuzari, akwai hanyar da ba a cika kulawa da ita ba. 206 GTi mai lita 2.0 ba ta da turbo, kuma injinta, EW10, shi ne dai wanda ke cikin 406 da 307 masu lita 2.0 da suka cika garejinmu. Doki 136 zuwa 138 ne, amma a jikin mota mara nauyi, don haka tana da tashi. 206 RC ta 2003 ta kai kusan doki 180 da injin na dangi ɗaya, ita ma ba turbo. Sun tsufa, sun wuce shekarun da kwastan ke yarda a shigo da mota, sai dai a nemi wadda ke cikin ƙasa, kuma wayoyin lantarkinsu na da nasu rigimar. Amma bakaniken Daura zai buɗe bonet ya ga abin da ya sani, kuma za ta sha man da muke da shi.

Wanda kuma ya dage sai mai turbo, to kada ya je dubawa da rana bayan dillali ya riga ya ɗumama ta. Ya je da sassafe, ya ɗora hannu a kan injin ya ji shi da sanyi, sannan a tayar a gabansa, ya kasa kunne a daƙiƙun farko ko zai ji kacau-kacau ɗin sarƙa. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko akwai kumfa mai launin madara. Ya sa wani ya taka totur, shi ya tsaya a baya ya ga ko hayaƙi shuɗi na fita. Ya kula ko fitilar gargaɗin injin na kamawa in an murɗa makulli sannan ta mutu bayan an tayar, domin akwai masu kashe ta gaba ɗaya don ɓoye laifi. Ya zo da nasa mai na'urar, ba na dillali ba. Ya zaɓi mai giyar hannu, ya fifita ta bayan 2015 a kan ta farko, ya kuma ware kuɗi masu kauri a gefe tun ranar saye, domin arahar da ya gani a farashi gyara ne aka jinkirta masa. In ya dawo daga doguwar tafiya kada ya kashe ta nan take, ya bar ta minti ɗaya ko biyu turbo ya huce.

Daura na sauyawa. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai bi ta garin. Ina fata waɗannan makarantu su riƙa kiran kanikawan gari suna koya musu injinan zamani da na'urar bincike, domin turbo ba a motar gudu kaɗai yake ba yanzu, ya shiga motocin iyali, kuma nan da 'yan shekaru su ne za su cika kasuwar Beljiyam ko muna so ko ba ma so.

Amma a yau, hukuncina shi ne: ma'aikaci ko ɗan kasuwar da wannan ce za ta zama motarsa ɗaya tilo, wadda za ta kai yara makaranta, ta kai mara lafiya Katsina da tsakar dare, kada ya sayi ƙaramar motar Faransa mai turbo. Wanda yake da wata motar a gida, yana da amintaccen gidan mai, yana da bakanike mai na'ura a Kano ko Katsina da kuɗin kai masa ita, ya nemi 208 GTi ko 308 GTi ta baya-bayan nan mai giyar hannu, ya kuma bar gwada gudunta a titin da 'ya'yan mutane ke tsallakawa.